Sarauniya Helena ta Adiyabin, Uwar Sarkin da ta Ciyar da Urushalima

Duk wanda ya saba karatun Ayyukan Manzanni ya san labarin yunwar da aka yi a zamanin Kalaudiyas Kaisar. A ƙarshen sura ta 11 an faɗa mana yadda annabi Agabas ya zo Antakiya ya yi faɗi a kanta tun ba ta auku ba, da yadda masu bi suka tara gudummawa, kowa gwargwadon ƙarfinsa, suka aika wa 'yan'uwa na Yahudiya ta hannun Barnaba da Shawulu. Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne, a cikin wannan yunwa akwai wani taimako da ya zo Urushalima ta wata hanya dabam. Wata tsohuwa ce, baƙuwa daga gabas, ta buɗe taskarta ta ciyar da talakawan birnin. Sunanta Helena, sarauniyar ƙasar Adiyabin.

Kada mai karatu ya haɗa ta da Helena uwar Sarki Kustantin. Waccan ta ziyarci Urushalima wajen shekara ta 326, wato kusan shekara 280 bayan wannan. Yawancin labarin tamu Helena ya zo mana ta hannun Yosifus, marubucin tarihin Yahudawa, wanda aka haifa a Urushalima a shekara ta 37. Yana yaro ɗan wajen shekara 10 lokacin da aka yi yunwar. Littattafan malaman Yahudawa, wato Mishna da Talmud, su ma sun ambace ta.

Ƙaramar ƙasa tsakanin manyan dauloli biyu

Adiyabin tana arewacin ƙasar da ake kira Iraƙi a yau, gabas da kogin Taigiris, tsakanin koguna biyu masu suna Zab Babba da Zab Ƙarami. Babban birninta Arbela ne, wanda har yanzu yana nan da sunan Arbil. Wannan yanki shi ne tsohuwar ƙasar Assuriya. Kufan Nineba, birnin da aka aiki annabi Yunusa, yana kusa da wurin. A wannan yanki ne kuma Iskandari mai girma ya ci Dariyus Sarkin Farisa da yaƙi a shekara ta 331 kafin haihuwar Almasihu.

A zamanin Helena, Adiyabin tana da sarkinta, da fadarta, da mayaƙanta, amma ba ta da cikakken ikon kanta. Tana bin daular Fartiyawa, mutanen nan da aka fara ambata cikin jerin baƙin da suka taru ranar Fentikos. Sarkin Fartiya, wanda ake yi wa laƙabi da Sarkin Sarakuna, shi ne ubangijin sarkin Adiyabin. Idan ya kira yaƙi, ana sa ran sarkin Adiyabin ya fito da dakarunsa. Shi ne kuma yake ƙara wa sarakunan da suke ƙarƙashinsa girma ko ƙasa, yana kuma iya karɓe abin da ya bayar.

Daga yamma kuwa ga daular Roma, wadda iyakarta take bakin kogin Yufiretis. Dauloli biyun nan ba sa ga maciji. Tun shekara ta 53 kafin haihuwar Almasihu, da Fartiyawa suka hallaka rundunar Romawa a kusa da Haran, kowace tana neman hanyar ramawa ko ta ƙara ƙasa. Ƙananan sarakunan da suke tsakani kuwa, gaba kura baya sayaki. Wanda ya karkata gefe ɗaya da yawa, ɗaya gefen ya cinye shi. A cikin irin wannan zaman ɗar-ɗar ne Helena ta yi rayuwarta.

Gidan da aka nuna bambanci

Mijinta shi ne Sarki Monobaz na ɗaya. Yosifus ya ce shi ɗan'uwanta ne na jini. Irin wannan aure Attaura ta hana shi a Littafin Firistoci sura ta 18, amma a gidajen sarautar Farisa da na Masar an saba yinsa a wancan zamani, a lokacin kuwa Helena ba ta san Attaura ba tukuna. Ta haifa masa 'ya'ya maza, babban ana kiransa Monobaz kamar ubansa, ƙaramin kuma Izatis. Sarkin yana da waɗansu 'ya'ya maza daga sauran matansa.

An ce lokacin da Helena take da cikin Izatis, wani dare sarki yana barci ya ɗora hannu a kan cikinta, sai ya ji kamar wata murya tana ce masa ya ɗauke hannunsa kada ya danne jaririn, gama yaron zai yi albarka. Tun daga ranar ya ɗauki son duniya ya ɗora wa Izatis, yana yi da shi kamar ba shi da wani ɗa sai shi. Mai karatu ya riga ya san abin da irin wannan yake haifarwa, gama mun gani a gidan Yakubu da Yusufu. 'Yan'ubanci ya tashi, ƙiyayya ta yi ƙarfi, har sarki ya ji tsoro kada a kashe masa yaro.

Maimakon ya gyara halinsa, sai ya tura Izatis can kudu, zuwa birnin Karaks a bakin Tekun Fasha, wurin Sarki Abinerig. Wannan sarki ya karɓe shi hannu biyu, ya ba shi 'yarsa aure, ya kuma yanka masa ƙasar da zai ci. Haka Helena ta rabu da ɗanta shekaru da yawa saboda son da ubansa ya kasa ɓoyewa. Da Monobaz ya tsufa, ya ga kwanansa sun ƙarato, ya kira Izatis ya gan shi, ya ba shi wata gunduma ya riƙe. A can Izatis yake zaune sa'ad da uban ya rasu, wajen shekara ta 30.

Ranar da sarki ya rasu

A wannan rana ce aka ga ko wace ce Helena. Gadon sarauta ba kowa, magajin da aka zaɓa yana nesa, fada kuma cike take da 'yan sarki masu jin haushi. A ranar da mijinta ya cika, ta aika aka tara manyan ƙasar, da hakimai, da shugabannin yaƙi. Ta tuna musu cewa marigayi ya so Izatis ya gaje shi, amma ta ce tana jiran shawararsu, domin a ganinta sarautar da jama'a suka bayar da yardar ransu ta fi wadda mutum ɗaya ya bayar albarka. Da wannan magana ta gane inda zuciyarsu take.

Manyan suka faɗi suka yi gaisuwa, suka ce sun yarda da Izatis. Sai suka ƙara da wata shawara mai ban tsoro. Suka ce a fara kashe dukan 'yan'uwansa da danginsa, domin sarautarsa ta zauna lafiya. A gidajen sarautar gabas a wancan zamani wannan ba baƙon abu ba ne. Waɗanda ake so a yanka ɗin kuwa yawancinsu 'ya'yan kishiyoyinta ne. Da Helena ta ɗaga kai kawai, da an gama da su kafin faɗuwar rana, ba kuwa wanda zai ga laifinta.

Ba ta yi musu gardama ba, ba ta kuma yarda ba. Ta gode musu saboda ƙaunar da suka nuna mata da ɗanta, sa'an nan ta roƙe su su dakata har Izatis ya iso ya yanke hukunci da kansa. Da suka ga ba za ta ba da izinin kisa ba, suka ce to a ɗaure su a tsare, a kuma naɗa wani amintacce ya riƙe ƙasar. Ta yarda da wannan. Gaskiya ne ba ta iya hana a sa musu sarƙa ba, amma wanda yake cikin sarƙa ana iya kwance shi gobe.

Wanda ta naɗa riƙon ƙwarya shi ne babban ɗanta Monobaz, wato wanda ubansa ya tsallake. Ta sa masa kambi, ta ba shi zoben hatimin ubansa da alamar sarauta, ta ce ya riƙe har ƙanensa ya zo. Wannan ma kasada ce babba, gama wanda ya ɗanɗana gado da wuya ya sauka. Amma uwa ta san ɗanta. Da Izatis ya iso, Monobaz ya sauka ya miƙa masa kome ba tare da an zare takobi ba.

Izatis ya tarar da 'yan'uwansa a ɗaure, abin ya ɓata masa rai. Ya ga kashe su zunubi ne, barinsu a fada kuma da fushinsu haɗari ne. Sai ya raba su biyu, ya aika da waɗansu Roma wurin Kaisar, waɗansu kuma wurin Artabanas Sarkin Fartiya, su zauna a matsayin jingina. Da haka ya tsirar da ransu, ya kuma nuna wa manyan dauloli biyun cewa ba ya nufin kowa da sharri.

Sabon addini a fada

Tun Izatis yana Karaks, wani Bayahude ɗan kasuwa mai suna Hananiya yakan shiga wurin matan fada, yana koya musu sujada ga Allah ɗaya bisa ga hanyar Yahudawa. Ta wurinsu ya san Izatis, shi ma ya rinjaye shi. Da aka kira Izatis gida, ya matsa wa Hananiya har ya biyo shi. Abin mamaki, da ya iso sai ya tarar uwarsa ma wani Bayahude dabam ya koyar da ita, ta riga ta bar gumaka. Uwa da ɗa, kowa a inda yake, ba da sanin juna ba, sun kama hanya ɗaya.

Da Izatis ya ga haka, ya ce shi zai yi kaciya domin ya zama cikakken Bayahude. Nan fa Helena ta tsaya masa. Ta ce shi sarki ne, idan talakawansa suka ji ya bi al'adun baƙi za su ƙi shi, ba za su yarda Bayahude ya mallake su ba. Hananiya ya goyi bayanta. Shi ma yana tsoron kada a kama shi a ce shi ne ya ɓata sarki. Ya ce wa Izatis yana iya bauta wa Allah ba tare da kaciya ba, in dai zuciyarsa ta tsaya, Allah kuwa zai gafarta masa tun da larura ce ta hana shi. Izatis ya haƙura na ɗan lokaci.

Bayan haka wani malami mai tsanani daga Galili, sunansa Ele'azara, ya zo fada. Ya shiga gaisuwa ya tarar da sarki yana karatun Attaurar Musa. Ya ce masa karatu kaɗai ba ya isa, sai an aikata abin da aka karanta. Izatis bai ƙara jinkiri ba, ya shiga wani ɗaki ya kira likita aka yi masa. Sa'an nan ya aika aka gaya wa uwarsa da Hananiya. Tsoro ya kama su ƙwarai.

Mai karatu zai lura cewa wannan ita ce tambayar da ta dami ikkilisiya ta fari: ko ba-al'umme da ya juyo ga Allah sai ya yi kaciya? A kanta manzanni da dattawa suka taru a Urushalima, kamar yadda Ayyukan Manzanni sura ta 15 ta nuna, suka kuwa yanke cewa ba za a ɗora wa al'ummai wannan kaya ba. Labarin Izatis ya nuna mana cewa a tsakanin Yahudawa kansu ana wannan muhawara a wancan zamani. Game da Helena kuwa, tsoronta ba na banza ba ne, gama tawayen da ta hanga ya zo daga baya. Amma bai ci ɗanta ba.

Yunwa a Urushalima

Da Helena ta ga ƙasa ta zauna lafiya, ɗanta kuma ya kahu, sai ta yi marmarin zuwa Urushalima ta yi sujada a Haikali, ta miƙa hadayun godiya. Ta nemi izni wurin Izatis. Ya yarda da murna, ya haɗa mata guzuri da kuɗi masu yawa, ya kuma raka ta tafiya mai nisa. Daga Arbela zuwa Urushalima ya fi kilomita 900 a miƙe, ta hanyar ayari kuwa ya fi haka nesa.

Ta iso wajen shekara ta 46. Sarki Hirudus Agaribas ya riga ya mutu a shekara ta 44, ƙasar Yahudiya ta koma hannun gwamnonin Roma, Fadus da farko, sa'an nan Tibariyas Iskandari. A zamaninsu ne yunwar ta yi tsanani. Yosifus ya ce mutane da yawa suna mutuwa saboda ba su da abin da za su sayi abinci.

Baƙuwar da ta zo ibada tana iya miƙa hadayarta ta koma gida, ba mai zarginta. Helena ba ta yi haka ba. Ta raba barorinta kashi biyu. Waɗansu ta aike su Iskandariya ta Masar da kuɗi masu yawa su sayo hatsi, waɗansu kuma tsibirin Kubrus su kawo jirgi cike da busasshen ɓaure. Da suka komo da sauri, ta rarraba wa mabukata.

A duba hikimar da take cikin wannan. Noman Yahudiya da ruwan sama yake, idan sama ta hana, ƙasar duka ta rasa. Masar kuwa da kogin Nilu take noma, ita ce ma rumbun da yake ciyar da birnin Roma. Inda kasuwa ta ƙone, idan aka zuba kuɗi kawai, farashi ne zai ƙara hawa, masu ɓoye hatsi su ci riba. Abin da ake bukata shi ne a shigo da abinci daga waje, shi ne kuwa ta yi. Busasshen ɓaure kuma ba ya lalacewa da wuri, ba ya bukatar itace ko tukunya, yana ba mai yunwa ƙarfi nan da nan. Da Izatis ya ji labari, shi ma ya aika wa shugabannin Urushalima kuɗi masu yawa.

Yusibiyas, marubucin tarihin ikkilisiya na ƙarni na 4, ya haɗa wannan labari da na Agabas, ya ce yunwa ɗaya ce. Ke nan a cikin shekarun nan taimako ya zo Yahudiya ta hanya biyu: ɗaya daga taskar sarauniya, ɗaya kuma daga aljihun masu bi na Antakiya. Waɗansu marubuta na baya, kamar Orosiyas a ƙarni na 5, sun ce Helena ta zama Kirista. Amma shaidar Yosifus da ta malaman Yahudawa, waɗanda suka fi kusa da zamaninta, ta nuna a addinin Yahudanci ta zauna har ta mutu.

Zamanta a ƙasar Yahudiya

Helena ta daɗe a Urushalima. Ta gina fada a ƙasa-ƙasan birnin, kudu da Haikali. Izatis ya aiko da 'ya'yansa maza 5 su koyi harshen Yahudawa da iliminsu. Mishna ta ce ta yi wa Haikali kyauta biyu. Ɗaya alkuki ne na zinariya da aka rataye a bisa ƙofar Wuri Mai Tsarki. Malamai sun ce da rana ta fito sai haskenta ya bugi alkukin ya yi walƙiya, mutane su san lokacin addu'ar safe ya yi. Ɗayar kuwa allo ne na zinariya da aka rubuta wani sashe na Littafin Ƙidaya sura ta 5 a kai.

An kuma ba da labarin wa'adin da ta yi. Ɗanta ya tafi yaƙi, sai ta yi alkawari idan ya komo lafiya za ta zama keɓaɓɓiya shekara 7, bisa ga ka'idar Littafin Ƙidaya sura ta 6: ba shan ruwan inabi, ba aski, ba kusantar gawa. Ɗan ya komo, ta cika wa'adinta. Da ta zo ƙasar Isra'ila, malaman makarantar Hilel suka ce sai ta sake wata shekara 7, domin wanda aka yi a ƙasar waje ba ya shiga lissafi. Sarauniya ce, tana da ikon ta ƙi, amma ta sunkuyar da kai ta sake. Waɗansu malamai sun ce duka-duka shekara 14 ta yi, waɗansu kuwa 21. An kuma tuna da doguwar bukkar da ta kafa a Lidda lokacin Idin Bukkoki, inda dattawa suke shiga suna fita.

Ɗan da ta bari a kan gado

Tana Urushalima, ɗanta yana can yana fama da abin da kowane sarki mai bin wani yake fama da shi. Tun da fari ya yi wa ubangijinsa babban alheri. Hakiman Fartiya sun ƙulla wa Sarki Artabanas makirci, ya gudo Adiyabin da mutane wajen 1,000. Izatis ya sauko daga dokinsa ya ɗora shi, ya rubuta wa Fartiyawa har aka mayar da shi gadonsa. Artabanas ya saka masa da iznin sa hular sarauta a tsaye da kwana a gadon zinariya, abubuwan da Sarkin Fartiya kaɗai yake yi, ya kuma ba shi birnin Nisibis.

Da Artabanas ya mutu, ɗansa Bardanis ya nemi Izatis ya bi shi su yaƙi Roma. Izatis ya ƙi. Ya san ƙarfin Romawa, ga kuma uwarsa da 'ya'yansa suna zaune a ƙasar da take hannunsu. Bardanis ya ɗaura masa yaƙi, amma mutanensa suka kashe shi kafin ya yi kome. Tasitas, marubucin Romawa, bai ga Izatis da haske kamar Yosifus ba. Ya ce a shekara ta 49, da Romawa suka tura wani ɗan sarki mai suna Mehardatis ya nemi gadon Fartiya, Izatis ya nuna yana tare da shi a fili, a ɓoye kuwa yana tare da abokin gābansa, daga baya ya janye rundunarsa.

Da Monobaz da sauran dangi su ma suka shiga Yahudanci, abin da Helena ta ji tsoro ya auku. Manyan ƙasar suka gayyato Abiya, wani sarkin Larabawa, suka yi alkawari za su watse su bar sarkinsu a fagen fama. Suka kuwa yi haka, amma Izatis ya gane makircin, ya hukunta su, kashegari ya kori Abiya. Ba su daddara ba, suka rubuta wa Bologasis, sabon Sarkin Fartiya, ya zo ya tuɓe shi. Bologasis ya taso da babbar runduna. Izatis ya zuba toka a ka, ya yi azumi tare da iyalinsa, ya yi kuka ga Allah. A daren nan wasiƙa ta iso wa Bologasis cewa kabilun Dahe da Saka sun faɗa wa ƙasarsa daga gabas, sai ya juya ba tare da an gwabza ba.

Mutuwarta da kabarinta

Izatis ya rasu wajen shekara ta 55, yana da shekara 55 a duniya, bayan ya yi shekara 24 yana sarauta. Yosifus ya ce ya bar 'ya'ya maza 24 da mata 24. Duk da haka ya yi wasiyya a ba wansa Monobaz gadon, saboda amanar da ya riƙe masa a ranar da ubansu ya rasu. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Da labari ya iske Helena ta yi baƙin ciki ƙwarai, ko da yake ta ta'azantu da jin babban ɗanta ne ya hau. Ta yi sauri ta koma Adiyabin, amma tsufa da ɓacin rai suka rinjaye ta, ba ta daɗe ba ta bi ɗanta. Monobaz ya aika da ƙasusuwansu su biyu Urushalima, aka binne su a kabarin da ta gina a arewacin birnin, wanda aka yi wa dala 3 a bisansa.

Kabarin yana nan har yau, ana kiransa Kaburburan Sarakuna, domin mutanen baya sun zaci na sarakunan Yahuza ne. A cikin dutse aka sassaƙa shi, da matakala mai faɗi, da babban tsakar gida, da ɗakunan binnewa. A ƙofarsa akwai wani kewayayyen dutse da ake mirginawa a cikin kwari, irin wanda Linjila ta ce an rufe kabarin Ubangiji da shi. A shekara ta 1863 wani Bafaranshe mai suna de Saulcy ya yi tono a wurin, ya sami akwatin gawa na dutse da rubutun Aramiyanci mai cewa na wata sarauniya ce mai suna Sadan. Masana da yawa suna ganin sunan Helena ne na gida, waɗansu kuwa sun ce wata ce dabam daga gidan. Akwatin yana gidan kayan tarihi na Louvre a Faris, filin kabarin kuma mallakar gwamnatin Faransa ne tun shekara ta 1886.

Fadarta ba ta tsira ba. Sa'ad da Yahudawa suka tayar wa Roma a shekara ta 66, waɗansu 'yan gidan sarautar Adiyabin sun yi yaƙi tare da su. A shekara ta 70 sojojin Titus suka cinna wa birnin wuta har ta kai fadar Helena, aka kwashi 'ya'yan Izatis da 'yan'uwansa zuwa Roma. Daga baya bishara ta kahu a Adiyabin, Arbela ta zama ɗaya daga cikin manyan cibiyoyin Ikkilisiyar Gabas.

Abin da za mu ɗauka

Ku iyaye, ku dubi gidan Monobaz na ɗaya. Son da ya nuna wa ɗa guda ya raba yaron da uwarsa, ya jefa sauran cikin sarƙa, ya kusa jawo musu yanka. Wanda yake fifita ɗa ɗaya a fili yana tara masa abokan gāba a cikin gidansu.

Ku mata, musamman waɗanda suke riƙe da 'ya'yan da ba su suka haifa ba, ku tuna da ranar da aka miƙa wa Helena ran 'ya'yan kishiyoyinta. Magana mai taushi da ɗan jinkiri suka cece su. Sau da yawa abin da ake bukata a lokacin fushi shi ne mutum ɗaya da zai ce a dakata tukuna.

Dukanmu kuma mu tuna da yunwar. Talmud ta ba da labari cewa a wata shekarar fari Sarki Monobaz ya buɗe taskokin kakanninsa ya rabar, danginsa suka zo suna gunaguni cewa yana watsar da abin da iyaye suka tara. Ya amsa musu cewa iyayensa a ƙasa suka yi ajiya, shi kuwa a sama yake yin tasa. Mai karatu zai ji wannan ya yi kama da koyarwar Ubangiji a Matiyu sura ta 6. A gida ɗan ya ga wannan hali. Ba kowa yake da jirgin da zai aika Iskandariya ba, amma masu bi na Antakiya ma ba su da shi, kowa ya ba da gwargwadon abin da yake da shi. Idan damina ta yi gardama, hatsi ya yi tsada, akwai maƙwabcin da hayaƙi bai tashi a gidansa ba tun jiya. Kada mu jira sai ya zo roƙo kafin mu auna masa mudu ɗaya daga rumbunmu.